Takalman da Aka Bari a Ƙofar Zauren Baba

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Hamisu, wanda ya ajiye alƙalanci a zamanin En'e tun furfura ba ta fito masa ba. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, ba zan ɓoye ba.

A Kazaure na buɗi ido, cikin gidan soro mai zaure biyu. Baba bai taɓa cin tuwo da zafinsa ba, don kullum da masu ƙara a ƙofa, ga saƙon manya, wannan ya ce a sassauta, wancan ya ce a tsananta. Duk da haka ya jure, har ranar shari'ar wani tsoho mai suna Ilu, daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa.

Rikicin gona ne. Abokin shari'ar Ilu ya kawo shaidu biyu, shi kuwa ba shi da kowa. Baba ya san shaidun nan ƙarya suke, amma bai sami inda zai kama su ba, ya yanke hukunci, Ilu ya rasa gonar. A lokacin ba mai shiga gaban alƙali da takalmi, a bakin ƙofa ake tuɓewa. Tsohon ya miƙe ya wuce nasa takalman, na fata ne, duk faci. Aka ce masa ya yi mantuwa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a ajiye mini. Zan dawo in ɗauka."

Bai kai gida ba, a hanya ya cika.

Masinjan kotu ya zubar da takalman a juji. Kashegari da azahar muka ji sallama, Baba ya amsa ya fita. Ba kowa, sai takalman nan a jere a ƙofar zaurenmu. Aka jefa su a kududdufi, suka dawo a bushe. Ni da idona na gan su, rana tsaka.

Kafin damina Baba ya ajiye aiki. Ya sayar da gida da doki, ya raba manyan rigunansa, ya kai mu gindin wani dutse a ƙasar Roni. Ɗaki biyu na ciyawa, rumbu ɗaya, awaki huɗu. Abin da gona ta bayar shi muke ci. Inna ta yi kuka har ta gaji, ni kuwa na yi wata guda ina masa fushi, don ƙawayena sun ce mun zama ƙauyawa. Zaure dai bai sake ginawa ba. Takalman ya sa su a ƙarƙashin rumbu, kuma duk kaka sai ya ɗora wa jaki dammunan gero ya kai wa iyalin Ilu. Sallamar ta daina. A can na fara jin dariyar Baba.

Yau ina kallon jikokinsa, waya biyu a hannu, hawan jini tun suna samari, kowa na ƙara bene a kan bene. Da yana nan ba zai yi musu wa'azi ba, ba halinsa ba ne. Tambayarsu kawai zai yi ko sun ci abinci da zafinsa.

Sau ɗaya na ce masa, "Baba, me ya sa ba za ka binne takalman nan ba?"

Ya ce, "Ajiya ce, Hajara. In ya yafe mini zai zo."

Bai bar mana gida ba, bai bar sarauta ba. Abin da ya bari shi ne abin da na gani ranar da aka kai shi makwancinsa. Da hantsi, bayan masu gaisuwa sun watse, na je ɗebo gero. Ƙarƙashin rumbu wayam. A kan rairayi kuwa ga sawun takalmi mai faci, ya fita ta ƙofar dangarmu ya yi hanyar Gwiwa.