Ranar da Na Yi wa Maza Jawabin Ruwa

Ko da zan manta ranar da aka ɗauke ni aiki, ba na jin zan manta ranar da na tsaya a gindin ɗorawa a ƙauyen su mahaifiyata, takarda a hannu, gumi yana bin bayana, gari guda yana yi mini dariya. Yau an fi shekara hamsin, amma in na tuna sai in ji na kasa zama wuri ɗaya.

A lokacin ina sabon duba-gari a Minna, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Wanda bai ga zamanin ba, ba zai gane yadda ake shakkarmu ba. In muka shigo unguwa da kakinmu da ludayin leƙa randa, sai ka ji mata suna ta kifar da tukwane. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina ganin duk abin da na faɗa dole a bi. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyata kuma 'yar wani ƙauyen manoman doya ce a bayan Paiko.

Wata Litinin maigidana a ofis ya kira ni. Ya ce kurkunu ya kwantar da mutanen ƙauyen nan a daidai lokacin aikin gona, kuma tafkin da suke sha ne ya jawo. "Kai ɗansu ne, ka je ka shawo kansu su bar tafkin, su koma rafi. In ba su yarda ba, mako mai zuwa zan tura 'yan doka a cike shi da ƙasa." Na ce, "To, ranka ya daɗe," na fito. Na san in aka cike tafkin nan da ƙarfi, sunana za a kira, kuma mahaifiyata ba za ta sake shiga cikin danginta da kai a sama ba. Ga shi kawuna, yayanta, yana cikin waɗanda ke kwance.

Kwana huɗu na yi ina fama da jawabi. In rubuta, in yage, in sake. Abinci ma a tsaye nake ci. Da yamma sai in bi gefen layin dogo ina maimaitawa da ƙarfi, ina ɗaga yatsa, har masu gadin wurin ƙetare layin suka fara kallona da tausayi. Na samo babban kwali na zana ƙwaron ruwan nan da ke ɗauke da cutar, kamar yadda na gan shi a littafinmu. Don kowa ya gani sosai, sai na yi shi ƙato, ya kai ɗan akuya. Mahaifiyata ta dubi zanen, ta dube ni, ta ce, "Da wa za ka yi maganar?" Na ce da dattawa mana. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tsinar shinkafarta. Wannan "uhm" ɗin ban fahimce shi ba sai da na sha kunya.

Ranar Asabar na ɗaure kwalin a bayan keke na kama hanya. Na tarar an taru a gindin ɗorawa, maza a kan duwatsu da kututture, da yawa sun miƙe ƙafa ɗaya, ga tsinke an nannaɗe farar tsutsar da ke fitowa daga idon sawu. An tallafo kawu an zaunar da shi a gaba. Mata kuwa suna can nesa a bakin hanyar tafki, wasu da tuluna a kafaɗa, don matan wajenmu ba su ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Ko kallonsu ban yi ba.

Na gyara murya na fara. Na yi maganar ci gaba, na yi maganar zamani, na ce jahilci ne shan ruwan tafki, a gaban mutanen da suka goyi uwata. Wurin ya yi tsit, ni kuma na ɗauka magana ce take shiga. Sai na warware kwalin na ɗaga, na ce ga abin da ke cikin ruwanku.

Wani dattijo ya matso ya ƙura wa zanen ido, ya ce da irin Hausarsu, "Wannan naman, a tafki namu yake? Da mun gan shi, da tuni mun ci shi." Wuri ya ɗauki dariya, har marasa lafiya suna riƙe ƙafa suna ƙyaƙyatawa. Kawu kaɗai bai yi dariya ba, kansa ya sunkuyar, kuma wannan ya fi dariyar yi mini zafi. Na duba takardata, rubutun ya ƙi karantuwa. Raina ya ɓaci, na ji bakina yana shirin ambaton 'yan doka. Wallahi saura ƙiris in faɗa, kuma da na faɗa da shi ke nan.

Sai wata tsohuwa ta taho daga wajen matan, ƙanwar kakata ce, ta sauke tulunta a gabana. Ta ce, "Jikana, cikin waɗannan da kake wa magana, wane ne yana ɗebo ruwa?" Na waiwaya na dubi mazan, babu ko ɗaya. Ta janye zanenta kaɗan ta nuna mini kafaɗarta ta hagu, fatar ta yi kanta, ta yi baƙi. Ta ce, "Rafin da kake cewa, ka taɓa zuwa? In na tafi da safe, sai rana ta take nake dawowa. Kafaɗa namu ne zai je, ba takarda naka ba."

Ban taɓa zuwa rafin ba. Kwana huɗu ina shirya magana, ban yi tunanin taka hanyar sau ɗaya ba. Na yi ta murza kwalin a hannu. Can idona ya faɗa kan farin ƙyallen da ta rataya a wuya, irin wanda suke tace gasara da shi. Na tuna an taɓa gaya mana a makaranta cewa ƙyalle mai ƙaramin ido yana tare ƙwaron, amma da yake maganar ba ta yi kama da babban ilimi ba, ban sa ta a jawabina ba.

Na ajiye takarda da kwali a ƙasa. Na tuɓe hular kaki, na durƙusa a gabanta, na ce, "Kaka, na yi kuskure. Ara mini ƙyallenki." Na zubar da ruwan wata kwalba da na zo da ita, na cika ta daga tulunta, na ɗaga wa rana. Na ce ta duba da kyau. Ta daɗe tana kallo, sai ta ja da baya ta ce, "Yana motsi!" Wasu 'yan ƙananan farare ne kamar ƙwayar gero da aka farfasa, suna ta zillo a ciki. Ta ƙwala wa matan kira. Suka kewaye ni, kwalba tana yawo daga hannu zuwa hannu, maza suna miƙa wuya daga baya. Muka tace ruwan da ƙyallen muka sake ɗagawa, babu abin da ke motsi.

Abin da na faɗa bayan nan bai fi jimla uku ba. Na ce ba sai sun bar tafkinsu ba, su dai tace duk ruwan sha kamar yadda suke tace gasara, kuma mai tsinke a ƙafa kada ya shiga ruwan, a ɗebo masa. Tsohuwar ta juya ta maimaita da harshensu, ta ƙara nata da ya fi nawa tsawo da daɗi. Dattijon da ya yi mini ba'a ya ce ai in wannan ne, ba wuya.

Da kyar na shawo kan maigidana ya ba su damina ɗaya, amma ya ba su, ba a cike tafkin ba. Kurkunu bai ƙare gaba ɗaya ba, kada in yi ƙarya, sai dai da shekara ta zagayo na tarar da kawu a gona da ƙafafunsa biyu yana tada kunyar doya. Ya aiko wa mahaifiyata da doya, ni kuma ya ce a tambaye ni ko naman nan nawa ya yi ƙiba.

Na yi jawabai da yawa bayan nan, a kasuwa da makaranta da ƙofar masu unguwa. Amma tun daga ranar ban sake buɗe baki in nemi mutane su yi wani abu ba, sai na fara binciko kafaɗar da za ta ɗauki nauyin abin, na je na durƙusa a gabanta.