Mai Aski da Allurar Manaja

Shekara arba'in da ɗaya ina auren mai aski, kuma har yau sai na yi magana yake taje kansa kafin ya fita. Kan mutane kuwa, ko a hanya ya hango ƙeyar wani sai ya rage tafiya ya ce mini, "Dubi yadda aka ɓata wa bawan Allah kai." Shagonsa ɗaki ne guda a jikin gidanmu. Babbar ƙofa tana kallon titi, ƙaramar ta baya kuma tana buɗewa daidai inda nake wanke-wanke. Kujerar aski ɗaya ce, da benci na masu jira, da madubi mai tsagewa a gefe wanda ya yi shekara goma yana cewa gobe zai canza. Duk abin da aka yi a shagon nan a kunnena ne, ko ina so ko ba na so.

Askin yara shi ne abin da aka san shi da shi. Yaron da ya gagari shago uku, wanda sai ƙarti biyu sun danne shi, shi ake kawo wa Baba Mai Aski. Sai ya gitta katako a kan hannuwan kujera, ya zaunar da yaro, ya ba shi mataji ya riƙe. Ba ya taɓa kan tukuna. Ya kunna kilifa ya ɗora a tafin hannunsa, ya ɗora a na uban yaro, sannan a na yaron. Daga nan ya shiga lalube da ɗan yatsa, gaban kunne, ƙeya, tsakiyar kai, har ya gano inda yaron ba ya noƙe wuya. Ta nan zai fara, kuma ba ya mantawa. Ko bayan wata uku aka dawo da yaron, ta nan ɗin dai zai fara. Yakan ce kowane yaro yana da wurinsa, malalacin mai aski ne ba ya nema. Abin alfaharinsa a duniya guda ne, wai ba a kuka a kujerarsa. Na ji maganar nan har ta ishe ni, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya yake faɗa.

Manaja jikarmu ce, shekararta huɗu. Uwarta ita ce babbar 'yarmu, muna kiranta Malama tun da ta samu koyarwa a firamare. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba, don haka kullum bakwai saura Malama take sauke mana yarinya ta wuce makaranta, sai la'asar ta dawo ta ɗauke ta. Masu zuwa aski ne suka sa mata Manaja, domin tana zama a ƙaramar kujera bakin ƙofa tana faɗin wanda ke biye a layi, kuma in ta yanke hukunci babu ɗaukaka ƙara. Kakanta kuwa Tsoho take kiransa, gatsau, shi kuma bakinsa har kunne. Sauran 'ya'yanmu duk sun yi nisa. Ko bai faɗa ba na sani, saboda yarinyar nan yake buɗe shago da sassafe.

Ni na fara lura. Ruwa ba ya isarta, fitsarin kwance da ta daina tuntuni ya dawo, ga ci kamar me amma wuya sai fitowa yake yi. Ranar da na ga ƙiyashi sun yi layi a bakin fo ɗin fitsarinta gabana ya faɗi. Kwana shida muka yi a asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne irin na yara, jikinta ya daina yin wani abu da ake kira insulin, ba alewa ta jawo ba, ba laifin kowa ba ne. Za a riƙa yi mata allura kafin kowane abinci, da wata guda kafin barci. Na ce, "Har zuwa yaushe, likita?" Kallon da ya yi mini ya ishe ni amsa. Na fita baranda na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska na dawo.

Wata nas gajeruwa mai kaifin baki ita ta jera mu a benci kamar 'yan aji ɗaya. Allurar kamar biro take, ana murɗa gindinta har lambar da likita ya rubuta ta fito. Ni idona ba ya ganin lambar. Malama tana gani, amma sai da aka yi ta maimaita mata. Maigida kuwa sau ɗaya aka nuna masa ya ɗauke. Da nas ta ce a canza tsinin allura kowane lokaci, sai ya ce, "'Yata, mutumin da ke canza reza a kowane kai kike faɗa wa?" Ta koya mana huda yatsa a ɗiga jini a mitar auna suga, da ƙirga goma kafin a zare allura, da ajiye maganin da ba a buɗe ba a firij, da ba ta lemo maza-maza in suga ya faɗi. Ta kuma ce a riƙa zagayawa, yau ciki, gobe cinya, jibi dantse, kada a lizimci wuri ɗaya. Da kunnena na ji, shi ma ina gani ya gyaɗa kai.

Aka raba aiki. Ta safe da ta rana nasa ne, ta yamma da ta dare na uwarta.

Satin farko ba na fatan maimaita shi. Da Manaja ta ga jakar allura sai ta shige ƙarƙashin gado, a jawo ta tana shure-shure. In an gama sai ya koma shago ya zauna a kujerar aski ya juya wa madubi baya, ko shayi ba ya sha. A sati na biyu ya ɗauko sana'arsa. Ya ba ta murfin biron ta riƙe, ya bar ta ta saurari ƙas-ƙas ɗin murɗawa, sannan ya shiga lalube da yatsa yana kallon fuskarta. A cinyar hagu, can gefe, ya samu inda ba ta zabura ba. Ya yi mata a nan, ta ce "Kai, Tsoho!" shi ke nan. Washegari ya sake yi a nan. Kafin wata guda ko ƙifta ido ba ta yi, tana ba shi labari ake gamawa.

A gidansu kuwa kullum da yamma dambe ake yi. Malama ta ce, "Baba, don Allah me kake yi mata ne? Ni sai maƙwabta sun leƙo."

Ya ce, "Hannu ne, 'yar nan. Ba a koyar da shi a makaranta."

Kansa ya yi girma har na ji tsoron ƙofar shago za ta yi masa kaɗan.

Watannin da suka biyo baya masu daɗi ne, ba zan ɓoye ba. Na samu kofi guda na auna shinkafarta, na san burodi yanka nawa, na san ƙwai ba ya tayar da mita. Kumatu suka dawo. Ta koma kan kujerarta tana tsara layi, masu aski suka daina zuwa da alewa a aljihu, wani ma balan-balan ya koma kawowa. Wani dattijo ya zo da ƙullin saiwoyi wai su suka warkar da ƙanin matarsa, na leƙo ta ƙofar baya na yi masa godiyar da bai sake dawowa da su ba. Maigida ya ware littafi yana rubuta lambobin mita da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Na ga mutumin nan ya ƙara kuzari, har waƙa yake yi yana share gashi.

A wata na biyar lambobin rana suka fara hawa. Yau sama, gobe sama, jibi kuma sai suga ya faɗi tana gumi a ba ta lemo. Na dare da na asuba lafiya lau. Malama ta duba littafi, ta ɗago ta dube ni.

"Inna, ki faɗa mini gaskiya, ba zan yi fushi ba. Biskit kike ba ta a ɓoye?"

Na ce, "Ni? Ni da na daina sa suga a shayina don kada ta gani ta yi kwaɗayi? Ga kabad can, je ki bincika, ki haɗa da ƙarƙashin katifa."

Wallahi ta je ta buɗe kabad ɗin. 'Yar da na haifa. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar asibiti duka muka tafi. Nas ɗin nan ta karanta littafi, ta kwantar da Manaja, ta shafa ciki, ta shafa dantse, ta shafa cinyar dama. Da ta zo ta hagu sai hannunta ya tsaya.

"Wa ke yi mata a nan?"

"Ni ne," in ji shi, da fara'arsa.

Ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. Wani kumburi ne a ƙarƙashin fata, mai tauri kaɗan, faɗinsa bai fi murfin kwalba ba, in ba an danna ba ba a sanin yana nan. Ta ce naman wurin ya gaji da allura ya dunƙule, maganin da aka zuba a nan ba ya shiga jiki yadda ya kamata, wata rana ya maƙale, wata rana ya kwararo gaba ɗaya.

Ya ce, "Amma ba ta kuka."

"Baba, wurin ne ya daina ji. Shi ya sa."

Likita ya ce a bar cinyar ta huta watanni, kumburin zai sace da yardar Allah, ya kuma rage lambar allurar safe da ta rana, domin sabon wuri zai fi karɓar magani. A tasi Manaja sai ƙirga motoci take yi. A ƙofar gida Malama ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ran Litinin zan kai takardar ajiye aiki. Ni zan zauna da ita." Ta saɓa 'yarta ta tafi.

An wanke ni daga zargin biskit, amma ban ji daɗin komai ba. Duk da haka ban ƙyale shi ba, don ba halina ba ne. Na ce, "Nas ta faɗa maka tun farko, ina zaune a wurin."

Ya ce, "Na ji ta sarai. Gani na yi na fi ta sanin yaro."

Laifin bai tsaya a kansa ba, domin ni ma wata huɗu ina ganin gefen rigar da yake ɗagawa kullum guda ne, ban ce komai ba. Shirun yarinyar ya yi mini daɗi kamar yadda ya yi masa. Asabar da Lahadi ya yi aski kamar wanda aka sa dole, abinci ma tsakura yake yi. Na tausaya masa ƙwarai, kuma na ji tsoron yadda gidan nan zai koma in babu yarinyar.

Ran Litinin bakwai saura sai ga Malama da Manaja. Ta ce ta biyo ne ta karɓi sauran maganin da ke firij ɗinmu, za ta yi mata allurar safe a nan ta karya, sannan su wuce makaranta tare ta miƙa takarda. Ta huda yatsa, ta duba mita, ta fito da biro. Sai maigida ya miƙa hannu.

"Ba ni."

"Baba, bar shi kawai."

"Ba ni, ki tsaya ki gani. In kin gani sai ki yi abin da kika ga ya dace, ba zan ce miki komai ba."

Ta ba shi. Ya sa sabon tsini, ya murɗa sabuwar lamba ya nuna mata. Manaja ta hau cinyarsa da kanta ta miƙo ƙafar hagu tana ba shi labarin wata mage. Ya mayar da ƙafar a hankali, ya ce, "Manaja, yau a ciki za mu yi. Zai yi zafi kaɗan, ba zan yi miki ƙarya ba."

Ihun da ta yi har mai shagon gefe ya leƙo. Ta doke shi a ƙirji, ta ja masa gemu, tana cewa, "Mugu! Tsoho mugu! Ba nan ba ne!" Ya riƙe ta da hannu ɗaya, ya tsira allura, ya danna, ya shiga ƙirga goma a fili. Hawaye na bin gemunsa tun daga uku, amma hannun ko motsi bai yi ba har ya kai goma. Yana zarewa ta zame ta rugo ta cusa kai a zanena.

Malama ta daɗe a tsaye. Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi agogo, ta ce, "Na makara." Ta ajiye jakar allura a kan tebur, ta rataya tata. A bakin ƙofa ta juyo. "Baba, ta rana a cinyar dama. Inna, ki yi haƙuri da maganar kabad."

Manaja ta ci burodinta da ƙwai a ɗakina, ta ƙi leƙa shago. Ranar layi ya rikice, mutum biyu har suka yi cacar baki. Shi kuma kowane minti goma sai ya leƙo ta ƙofar baya wai yana neman tsintsiya, ta juya masa ƙeya.

Da na sauke abincin rana na ce mata lokaci ya yi. Ban ɗaga ta ba, ban lallashe ta ba. Ta tashi da kanta ta ɗauko jakar ta shiga shago, ta jefar a gaban ƙafarsa. Ta hau benci, ta miƙe ƙafar dama, ta fara kuka tun bai taɓa ta ba. Ya ce wa mutumin da ke kan kujera ya yi masa haƙurin minti biyar, ya wanke hannu, ya durƙusa a gabanta ya ce bismillah.