Kwanon da Na Mayar a Cike

A gidanmu na Zango kwano ba ya komawa yadda ya zo. In maƙwabciya ta aiko miki da abinci, juyewa za ki yi, ki wanke kwanon, ki jefa wani abu a ciki, ko albasa biyu ko guntun sabulu, sannan ki mayar. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan, a cikinsa na buɗe ido. Don haka ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban san abin da nake yi ba ranar da na ɗauki kwanon koko da zafinsa, ko murfinsa ba a ɗaga ba, na je na dangwarar da shi a gaban tsohuwar da ta kawo shi. Na sani sarai. Zuciya ce ta ɗebe ni, kuma tun ina yarinya an san ni da ita.

Baba, Allah ya jiƙansa, mai walda ne a Magazin da ke Suame, inda ake gyaran motoci. Duk unguwa Masta ake ce masa, har liman. Ni kuma Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bayan rasuwar mamata na kwaso keken ɗinkina da yarana biyu na dawo ɗakin da ke jikin nasa, girkinsa da wankinsa suka dawo hannuna.

Tsohuwar kuwa Mma muke ce mata, mai koko ce. Daga Nijar mijinta ya kawo ta, ya rasu ya bar ta da ƙananan yara a ɗakin ƙarshen gidanmu. Baba ne ya ƙera mata murhun ƙarfe da teburin da take ɗora tukunya a bakin titi, ya ce ta je Allah ya sa albarka. Tun daga ranar ludayin farko na kokonta na Masta ne. Kowace safiya, kafin ta sayar wa kowa, za ta ajiye kwano mai shuɗin murfi a kan bencin ƙofar ɗakinsa: koko da suga da madara da gyaɗa, ƙosai huɗu a sama. Ina goye a bayan mamata aka fara wannan, har na yi aure na haihu ba a fasa ba.

Ciwon ya shigo ne a hankali. Ƙishirwa ba dare ba rana, buta ba ta hutawa, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Sai kuma ya taka wani ɗan guntun ƙarfe a wurin aiki, babban yatsansa na hagu ya yi rauni. Rauni a wajen mai walda ai ba labari ba ne, amma wannan ya ƙi warkewa. Da ƙyar na tusa shi a trotro, motar haya, muka je asibiti. Nas ɗin da ta duba shi, wata Ba'asantiya mai jin Hausa kaɗan kaɗan, ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Ta dube ni ido cikin ido ta ce in ba a riƙe bakinsa ba yatsan nan zai tafi, ƙafar ma za ta iya bin sa.

Ta zana mini faranti a bayan takarda. Rabi ganye, sauran rabin a raba biyu, gefe ɗaya kifi ko wake, gefe ɗaya tuwo, kada ya wuce dunƙulen hannunsa. Lemon kwalba, madarar gwangwani mai zaƙi, burodin suga, duk ta ja musu layi. Na tambaye ta koko fa? Ta ce ƙaramin kofi ɗaya ba laifi, amma ba suga. Da kunnena na ji wannan, kuma shi ne ya fi ci mini rai har yau.

A hanyar dawowa Baba ya ce, "Uwata, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Ƙafa ce ke ciwo, shi ke nan. Ban son a riƙa kallona ana girgiza kai."

Na ce to. Ni dai ƙafar nake so in ceto.

Na shiga girkin nan kamar mai yaƙi. Kontomire, wato ganyen gwaza, ayoyo, alayyahu, gauta, busasshen kifi, duk ranar kasuwa sai na ciko jaka. Na rage gishiri, na kori dunƙulen ɗanɗano na koma daddawa, manja sai da cokali nake aunawa. Baba ya kan ɗaga murfin kwano ya leƙa ya ce, "Uwata, akuya kika mayar da ni?" In ce masa akuya dai da ƙafa huɗu take yawo, shi biyu kacal gare shi, a lallaɓa su. Ya yi dariya ya ci, ba don daɗi ba.

'Yan dubiya su ne suka fara tsaya mini a wuya. Mutanenmu ba su san zuwa dubiya hannu biyu ba, kuma ba su san wani abin riƙo ba sai lemon kwalba da madara da burodin suga. In karɓa da godiya, in kai ɗakina in kulle. Ba a jima ba magana ta zaga gida, wai Masta na ramewa ne don 'yarsa ta hana shi abinci, tana ba shi ciyawa. A wajen famfo na ji ta. Kai jama'a! Ni da nake tashi tun duhu ina gyaran ganye?

Kwanon Mma kuwa dabara na yi masa. Ina jin ta ajiye sai in riga Baba ɗauka, in juye wa yarana, in wanke, in jefa albasa, in mayar. Mako uku muna haka, injin awon suga da muka saya ya fara nuna sauƙi. Ran nan na makara a bayan gida, ina fitowa na tarar da Baba a kan benci ya kafa kai a kwano, har yana lashe cokali. Da rana na auna shi, lamba ta haye sama. Da na kwance bandejin yatsan sai wani wari ya buge ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Tsoro ya kama ni, kuma ni tsorona faɗa yake zama.

Washegari ina laɓe a bakin ƙofa. Mma na ajiyewa ta fita, na sunkuci kwanon na bi bayanta har bakin titi. Layi ya riga ya haɗu, 'yan makaranta, masu zuwa Magazin, matan unguwa da kofunansu. Na ajiye shi a kan teburin da ƙarfi har koko ya ɓullo ta gefen murfi.

Na ce, "Mma, ga kayanki. Daga yau kada a ƙara kawo mana."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Lafiya, 'yata?"

"Lafiyar muke nema," na ce, na juya na tafi abina.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce suga ba, ban ce likita ba. Na riƙe wa Baba sirrinsa, na zubar wa tsohuwa mutuncinta a gaban masu sayen kokonta.

Kafin azahar labari ya iso kunnen Baba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya kira ni ya ce, "Uwata, matar nan ta goya ki." Sannan ya ce in tashi in tafi. Mma ta daina amsa gaisuwata sai da ka, kwano mai shuɗin murfi bai ƙara hawa bencinmu ba. Na ce a raina, a yi fushi da ni shekara goma in dai ƙafar Baba za ta tsaya.

Daga wannan makon Baba ya fara daɗewa a masallaci bayan sallar asuba. Da can ana sallamewa yake dawowa, yanzu sai rana ta fito. Ya ce suna ɗan karatu da dattawa. Har murna na yi, don nas ta ce ɗan motsa jiki na da amfani. In ya dawo na miƙa masa dafaffen wake da ganye, sai ya ɗan taɓa ya ture, ya ce bakinsa ba daɗi.

Amma lambar injin ta ƙi sauka. Na ƙara rage tuwo. Na daina sa manja gaba ɗaya. Na zargi maganin, na zargi injin, na je na yi wa nas ɗin nan rashin kunya, na ce abin da ta zana mini duk na bi, ga shi ba sauƙi. Ta kira ni yadda suke kiran mace a yarensu, ta ce, "Maame, akwai abin da Papa ke ci da ba ki sani ba." Na ce ƙarya ne, ni ke da tukunya, ni ke da mabuɗin ɗaki. Na birkice ɗakinsa har ƙarƙashin katifa, ban sami ko ƙwayar alewa ba.

Wata uku ana haka yatsan ya yi baƙi. Aka cire shi. Ba a rufa mako biyu ba ciwon ya haura, likita ya kira ni gefe ya ce sai dai a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni na sa hannu a takardar. Mutumin da ya yi rayuwarsa a tsaye a gaban ƙarfe, aka dawo mini da shi a bayan tasi, ƙafar wando ɗaya a naɗe da fil. Sirri kuma ya ƙare, liman ya sanar a masallaci cewa a yi wa Masta addu'a, ciwon suga ne.

Kwana biyu da dawowarmu, da sassafe, ina shafa wa Baba mai a baya a kan benci, sai ga Mma da kwanonta. Ba ta ajiye a benci ba, ta zauna a ƙasa dirshan ta riƙe shi a cinya. Idanunta sun kumbura. Ba ta dubi Baba ba, ni ta duba.

Ta ce, "Kullum daga masallaci wajena yake zuwa. Ya zauna a bencin gaba inda kowa zai gan shi, ya ce Mma zuba mini, don mutane su san ba komai tsakaninmu. Ni kuma ina ganin yana ramewa, na ce yarinyar nan ba ta ba shi abinci. Kowa cokali biyu na suga nake sa masa, shi huɗu, in tsiyaya madara. Da hannuna, 'yata."

Hannuna na kan bayan Baba, ina jin ƙasusuwansa.

Mma ta ce, "Me ya hana ki gaya mini? Koko ba suga wuya gare shi? Hannu kawai zan janye. Kin kawo mini kwano har titi, ba ki kawo mini magana ba."

Na juya kan Baba, wallahi a lokacin haushinsa ya fi na kowa cika mini ciki. Na ce, "Baba, kai ai ka sani! Kana zaune nas ta faɗa!"

Ya ce, "Na sani, Uwata. To mace ta miƙo maka abin da ta yi shekara da shekaru tana miƙo maka, a gaban mutanen da suka ga an mayar mata da shi, da wane baki za ka ce a rage suga?"

Har yau ina jin haushin wannan amsa. Shi kara ta hana shi magana, ni zuciya ta hana ni, ita kuma ba wanda ya ba ta damar sani. Duk ganyen da na wanke a wata uku, cokali huɗu ya riƙa shanye shi kowace safiya, taku kaɗan daga ƙofar gidanmu.

Mma ta buɗe kwanon ta miƙa masa. Rabi ne kawai, ba madara, ba gyaɗa. Ta ce, "Masta, ban sa komai ba." Ya kurɓa, tsamin gero da yajin citta suka sa ya ɗan yamutsa fuska, ya ce ya yi daidai. Ya shanye tas. Ta miƙe da ƙyar ta dafa bango ta fita, don layi na jiranta a titi.

Na ɗauki kwanon na kai famfo na wanke shi ciki da baya. Na dawo ina neman abin da zan jefa a ciki. Kwandon albasata a ƙarƙashin bencin Baba nake ajiye shi, na durƙusa na zura hannu, sai na jawo takalminsa na hagu, wanda na yanke wa gaba da reza don kada ya matse masa yatsa. Baba na kallona daga sama. Na mayar da shi inda yake, na lalubo albasa biyu na sa a kwanon, na rufe, na bi bayan Mma.