Mainasara Mahauci, Malamina Da Na Ɓoye

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, kowa da ranarsa.

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris na wannan shekara ta 1957, daidai da sha biyu ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Baba Mainasara, mahaucin kasuwar Kiru, da hantsi, a ɗakinsa, bayan jinyar wata biyar. Labarin bai same ni a nan Tudun Wada ba sai ranar Asabar, a bakin wani direban lori da ya tsaya a ɗakin maganinmu a wanke masa gyambo. Ya miƙe ƙafa yana ba ni labarin hanya, har ya ce ya bi ta Kiru ya tarar ba a kaɗa kalangu ba, mahauta ba su yi yanka ba, wai wani tsohonsu ya rasu. Na tambayi sunan. Da ya faɗa, sai da na ajiye almakashin da ke hannuna na nemi wuri na zauna.

Baba, ban sami sallarka ba, ban ɗauki makararka ba. Abin da ya rage mini shi ne wannan takarda, kuma ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai maganar da na danne shekara bakwai, wadda ya kamata in faɗe ta kana da kunnen ji. Yau zan faɗe ta, ko da za a yi mini dariya daga Bebeji har Doguwa. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

A shekarar 1950 na faɗi jarrabawar makarantar malaman asibiti a birni. Mu goma sha takwas ne a aji, littafin sassan jikin ɗan Adam kuwa ɗaya tal, na Turanci, kowa ya riƙe shi yini guda ya miƙa wa na gaba. Akwai wani babban zane a bango, amma gara ta riga mu karatunsa, ta cinye shi daga ƙirji zuwa cibiya. Na haddace sunaye kamar karatun allo, sai dai da aka ce in nuna ta inda jini ke shiga zuciya da inda yake fita, na tsaya ina zare ido. Aka ce in je gida in dawo bayan wata uku, in na sake faɗuwa shi ke nan. Na koma Kiru da kunya, ni ɗan Malam Dikko mai makarantar zaure, wanda aka raka tasha da addu'a ana cewa garinmu zai yi likita.

Kana tuna ranar da ka same ni a gindin tsamiyar bayan mayanka? Na buɗe littafin rubutuna ina kallon zuciyar da na kwafo da fensir ja da shuɗi. Ka goge hannu a walkinka, ka karɓa, ka riƙe shi a juye, don ba ka san baƙi ko ɗaya na boko ba. Ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce wanda ya fara zana wannan ya san aiki, amma ya wanke ta da yawa, kuma kai shekara talatin kana fiɗa ba ka taɓa cin karo da jijiya mai launin baba ba. Ka ce in zo gobe bayan sallar asuba za ka yanka rago, in zo da idona da hannuna, littafin ya huta a gida.

Wata uku na yi ina zuwa. Ka yanko sandar ganyen gwanda, ka zura a maƙogwaron rago ka busa, na ga huhu ya tashi ya cika, ka saki ya kwanta. Shekara biyu ina rubuta numfashi a takarda, ranar na fara ganinsa. Ka tsaga zuciya ka sa yatsana ya bi ɗakunanta huɗu, ɗaya bayan ɗaya, har sai da na iya bi idona a rufe. Ka ɗauki buta ka zuba ruwa a bakin babbar jijiya, ruwan ya tsaya cak, ka nuna mini 'yan tantani uku masu kama da aljihu da suka tare shi, ka ce mai ginin nan bai yarda abin da ya fita ya komo ba. Ka nuna mini inda maɗaciya ke maƙale a jikin hanta, da yadda ƙoda ke kwance cikin kitse, da siririyar hanyar da ta sauka daga gare ta zuwa mafitsara. Da muka zo kan tumbi sai ka rufe shi da hannu kana dariya, ka ce wannan kada in kai wa Baturen makarantarmu, mutum ba ya tuƙa, sai dai in nasa cikin daban ne.

Ni kuma ina faɗa maka sunayen Turanci, kana maimaita su a karkace kana ƙyalƙyala dariya har sai ka yi tari. Ba ka taɓa jin nauyin cewa ba ka sani ba. In na tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka, sai ka ce wannan kam sai a birni, in na dawo in zo maka da amsa.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai ji daɗi ba da labari ya kai masa. Ya ce ɗan malam ba ya tsugunno a cikin jini da ƙuda tare da rundawa masu fawa, ko me ake nema. Ban iya musa masa ba, ban kuma iya daina zuwa ba. Kai ne ka samo dabara. Ka ce in riƙa biyowa ta bayan gonar rogo, in mun gama ka ƙunsa mini 'yar hanta a ganye in riƙo, duk wanda ya gan ni ya ɗauka aiko ni aka yi. Ko sau ɗaya ba ka nuna maganar ta yi maka ciwo ba. A lokacin na ɗauka ba ta yi maka ba ne, don yaro ba ya ganin abin da babba ya haɗiye.

Mutanen Kiru sun san ka da abubuwan da ba sai na faɗa ba. Sun san in ka tsaga hantar saniya ka ga tsutsar nan mai faɗi ta shanun fadama, ko ka ga huhu da ƙulle-ƙulle, rami kake haƙawa ka binne, ko da abokan sana'a suna cewa wuta tana kashe komai. Sun san ba a haihuwa a gidan marar hali a unguwarku ƙauri bai isa ɗakin mai jego ba, kuma ba a taɓa jin daga bakinka cewa kai ka aika ba. Fulanin rugagen yamma sun san in haihuwa ta gagari saniya, kai ake tasowa a kira, ka naɗe hannun riga ka juya ɗan maraƙi, ka sha nono ƙwarya guda ka kamo hanya. Kana da faɗa, wannan ma gaskiya ne. Wanda ya taɓa maka wuƙa ba izini ya san bakinka.

Da na koma birni, Likita Bature ya ɗora mini wata zuciyar katako mai buɗewa a kan tebur, ya ce in nuna masa tafiyar jini. Na sa yatsa na bi, ban yi tuntuɓe ba, har na gaya masa abin da zai faru in an zuba ruwa ta sama. Ya cire tabarau ya dube ni. A gaban aji duka ya tambaye ni, wa ya koya mini wannan a wata uku? Na dubi abokan karatuna, 'ya'yan alƙalai da 'ya'yan hakimai, na tuna ƙudan mayanka. Na ce masa daga littafi na koya.

Ni na zo na ɗaya. Kyautar da aka ba ni ita ce sabon littafin nan na sassan jiki, nawa ni kaɗai, da sunana a ciki. Na kawo maka ka gani, ka shafa bangonsa ka yi ta sa albarka. Ka tambaye ni ko Baturen ya yi mamaki, na ce ya yi. Ba ka ƙara tambayar komai ba, ni ma ban ƙara komai ba.

Daga nan aka turo ni Tudun Wada, na sami farar riga da keke. In na zo Kiru na ratsa kasuwa, sai in ɗaga maka hannu daga nesa, kai kuwa ka miƙe tsaye ka ce sannu da zuwa likita, har mutane su waiwayo. Shekara uku da suka wuce aka kawo mini wani makiyayi, Hamman, daga wajen Doguwa, sa ya soke shi a cinya, jini yana tsartuwa. Ba littafin da na buɗe. Yatsuna ne suka shiga cikin raunin suka lalubo jijiyar suka danne, na ɗaure ta, kamar yadda suka saba lalube a gabanka. Hamman yana nan da ransa, yana kiwonsa. Aka yi ta zancen a kasuwanni, ana cewa boko ya yi rana. Na karɓi yabon duka na sa a aljihu.

Sai ranar da ba zan manta ba, wata biyu kafin rasuwarka. Ɗanka Habu ya kawo ka a bayan lori, ka rame har ban gane ka ba sai da ka yi magana. Idanunka sun yi rawaya, ciki ya ɗaga. Ina tare da ɗalibai biyu da aka aiko daga birni su koyi aiki a hannuna, Shitu da Wada. Ka kwanta a kan benci, ka kama hannuna da kanka ka kai shi ƙarƙashin haƙarƙarinka na dama, ka ce in danna. Na ji hantarka, ta sauko ƙasa da inda ya kamata, da tauri da gargada. Ka dube ni ka ce, "Malam Isa, da ta rago ce, da ban sayar da ita ba."

Na fara zancen a kai ka babban asibiti, ka ce in bari, mu biyun nan mun san abin da muka taɓa. Ba magani ka zo nema ba, ka ji an ce ina da ɗalibai ne. Ka yafito su da hannu, ka ce su zo su taɓa tun tana nan, don ba kullum za su sami irinta ba. Ka sa kowannensu ya danna, ka ja numfashi don ta sauko ta taɓa musu yatsu, ka gaya musu yadda lafiyayya take da laushi da kaifin baki. Ina tsaye ina ganin zufa tana keto maka saboda zafin dannawar.

Shitu ya cika da mamaki. Ya ce, "Baba, kai da kake mahauci, ina ka san duk wannan?"

Ka juyo ka dube ni. Ba dogon kallo ba ne. Ƙofa ce ka buɗe mini, na gan ta sarai, maganar tana bakina. Amma na tuna yadda yaran nan suke kirana Malam, suna rubuta duk abin da na faɗa, sai na sunkuyar da kai ina gyara kwalaben da ba su karkace ba. Da ka ga haka sai ka yi murmushi, ka ce, "Ai malaminku ne ya koya mini. In ya zo gida hutu yakan zauna da mu ya buɗe mana littafi."

Suka dube ni da ƙarin girma. Na ba ka ruwan magani a kwalba, wanda ni da kai mun san ba zai yi komai ba, na raka ka bakin lori. Na ce a raina in na zo Kiru da azumi zan durƙusa in roƙi gafararka, in kuma faɗa a gaban kowa. Ba ka kai azumin ba. Da na sani ƙeya ce.

To, ga shi yanzu na faɗa, a inda zai kai kunnen wanda na sani da wanda ban sani ba. Ni Isa ɗan Malam Dikko, malamin asibiti na Tudun Wada, abin da na sani na cikin jikin ɗan Adam a mayankar Kiru na koye shi, a hannun Mainasara mahauci. Hamman da duk wanda Allah Ya tashi kafaɗarsa ta hannuna, ga wanda za su yi wa addu'a. Jiya na tara Shitu da Wada na gaya musu gaskiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Saude, wadda ta yi jinyarsa wata biyar ba ta gajiya ba, da Habu, da Maimuna da 'ya'yanta a Bebeji, da Sarkin Fawa da dukan mahautan Kiru, waɗanda na wuce su a kan keke shekara da shekaru ban sauka ba. Ku yafe mini. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya sa albarka a bayansa, Ya rufa muku asiri kamar yadda ya rufa wa wasu.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya sa abin da ka koyar ya riƙa isa gare ka muddin ana amfani da shi. Na san ka tun ina yaro, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba sai sau ɗaya, a kan bencin ɗakin maganina, kuma domina ka yi ta. Ya Ubangiji, kada Ka tambaye shi wannan. Ni za Ka tambaya.

Isa Dikko Kiru,
Ɗakin Magani, Tudun Wada.