Yayana, Macijin Wahayi da Rijiyar Kusugu

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kano, ni da maigidana, muka nufi Daura. Ba yawon shan iska ya fitar da mu ba. Matar yayana ce ta kira ni tana kuka: ruwa ya sauka sau uku, kowa a ƙauyenmu ya yi shuka, Yaya kuwa ya ce ko ƙwaya ɗaya ba zai zuba a ƙasa ba. Wai wani mai wa'azi a waya ya lissafa watanni arba'in da biyun da aka ambata a littafin wahayi na Littafi Mai Tsarki, ya raba ƙahonin dabbar da ke cikinsa ga ƙasashen duniya, lissafin tashin duniya ya faɗa kan wata Laraba a tsakiyar damina. Wa zai ci geron, in ji Yaya. Gida ne mai baki tara, in aka ƙara sati biyu shuka ta wuce su.

Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani, duk da haka direba ya cusa mu huɗu a baya. Maigida ya yi alkawarin taya ni tsara abin da zan faɗa wa Yaya, amma tun kafin Ɗanbatta ya fara minshari. A Kazaure muka tsaya na sayi ƙosai mai zafi, yajin ya fi ƙosan yawa. Duwatsu sun fara kore. Ko'ina ka duba mutane ne a gona, mai gona a gaba da sungumi yana sara, iyali na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Duk gonar da na gani sai in tuna da ta Yaya.

Da muka isa Daura ban wuce ƙauye kai tsaye ba, don na san Yaya ba zai ji maganar ƙanwa ba. Mu Kirista ne, gidaje kaɗan a wani ƙauye ta wajen Zango. Lokacin da aka kawo ni da Yaya Daura karatu, wanda yake koya mana Littafi ran Lahadi wani Ibo ne mai shagon kayan gyaran babur, kowa na ce masa Baba Mai Fulogi. Shi na je nema. Layin ya canza, inda mai shayi yake a da yanzu shagon cajin waya ne. Na same shi a kan benci, ɗansa na tsare da shago. Idonsa ya yi rauni, amma ina yin gaisuwa ya kira sunana na yarinta, da Hausarsa ta Daurawa wadda ta fi tawa. Na zayyana masa komai. Sai ya sa aka miƙo masa sandarsa.

A hanyarmu ta zuwa tasha muka bi ta rijiyar Kusugu, sai dariya ta kama ni, ƙwalla na biye da ita. Ina shekara tara Baba Mai Fulogi ya karanta mana inda aka kama babban maciji, aka jefa shi rami marar iyaka, aka rufe har shekara dubu. Mu kuwa maciji ɗaya muka sani a duniya, na rijiyar nan, wanda aka ce ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Yaya ya ce ai shi ne, ƙarya ake yi da aka ce an kashe shi, kulle shi aka yi. Ya ja ni muka je muka kasa kunne a bakin rijiyar. Wata mata ta saki guga ya bugi ruwa, muka zuba da gudu har na yar da takalmi ɗaya. Sati guda Yaya bai sha ruwan Daura da daɗin rai ba. Yanzu an gyara wurin, baƙi na ɗaukar hoto, amma ni wancan ƙaramin yayan nawa nake gani yana riƙe da hannuna.

Daga Daura muka shiga motar Zango, mu da buhunan taki da akuya biyu. A Zango muka sha fura mai kauri, sannan muka hau babura. Baba ya dinga yi wa ɗan acaɓarsa faɗa cewa fuloginsa ya kusa mutuwa, wai da kunne ya ji.

Mun tarar da Yaya a gindin darbejiya, ya rame, takarda cike da lambobi a cinyarsa. Ganin Baba ya miƙe ya durƙusa. Baba ya sa shi ya karanto lissafin tun daga farko, ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Ɗana, wancan karon a rijiya ka sami macijin. Yanzu kuma a waya?"

Yaya ya haɗe rai, can dai dariya ta ƙwace masa. Baba ya yi masa bayani a hankali kamar yadda yake yi mana a da. Ya ce mutanen da aka fara rubuta wa wahayin nan ana ɗaure su ana kashe su, shi ya sa aka yi musu magana da hotuna. Dabbar mulkin zalunci ce, kowane zamani da tasa. Watannin kuma cewa suke wahala a aune take, tana da iyaka. "An rubuta shi ne don mai jin tsoro ya iya tashi da safe," in ji shi. "Kai kuma ka karanta ka kwanta."

"In kuma gaskiya ne fa, Baba?"

"To ya same ka a gona mana. Da laifi? Ranar dai ba a faɗa mini ba, ba a faɗa wa mai wayarka ba."

Yaya bai ce ya yarda ba. Irin da ya ajiye ma an riga an daka an ci. Maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi abokin marigayi babanmu, shi ya aiko da kwano biyu na iri, bai haɗa da ko kalma ɗaya ba. Washegari da safe na ga Yaya ya saɓa sungumi. Na ɗaura zani na bi bayansa ina zuba iri, rabona da wannan aiki tun babanmu na da rai. Babbar gonar kawai muka shuka, ya ce ƙaramar a bar ta tukuna, ban ja da shi ba.

Da muka mayar da Baba Daura ya ce mini ƙarshen shekara zai koma garinsu gaba ɗaya. Na riƙe hannunsa. Har muka shigo Kano raina ba daɗi, maigida kuwa ya cika barcinsa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mai tsoro yakan ɗauki abin da ya karanta ya ɗora kan abin da ya fi kusa da shi, kuma gardama ba ta sauke masa, sai muryar wanda ya san shi tun yana yaro. Larabar nan ta zo, na wuni ina duba waya. Sai la'asar Yaya ya kira, yana haki.

"Kin san yau ce ranar?" in ji shi. "Ciyawa ta ci min gona, tun safe nake noma. Sai yanzu na tuna."