Mun Kai Motar Baba Ajiya a Uhudu

Mun tashi da asuba daga Jidda, ni da matata, ko karyawa ba mu yi ba. Mako guda na yi ina tsaye a kantin maganin da nake aiki, ƙafafuna duk sun kumbura, amma babu halin ɗage tafiyar. Surukina, wanda muke kira Baba, zai bar Madina ya zo wurinmu ya yi watannin sanyi. Sanyin Madina yana kama masa gwiwa, ga kuma aikin yanar ido da likita ya sa masa rana a Jidda. Ya yarda zai zo, amma sai ya ga inda motarsa za ta kwanta tukuna.

Hanyar Madina shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami ko ɗaya, kuma abin da ke kashe direba ke nan. Ka yi ta tafiya babu abin da zai tashe ka, daga baƙaƙen duwatsu sai raƙumi ɗaya ko biyu a bayan shinge. Sau biyu matata ta taɓa ni don ta ga idona yana lumshewa. Muka tsaya a wani gidan mai, muka ci wake da gurasa mai zafi, muka sha shayi da madara. Abincin ya yi daɗi, sai dai kuɗin kofin shayin ya kusa na gurasar, ga kofin kamar murfin kwalba. Ina fitowa daga mota na ji iska ta sauya. A Jidda da fanka muka kwana, nan kuwa sai da na lalubo rigar sanyi a but ɗin mota.

Kafin azahar muka isa gidan Baba a wajen Masallacin Ƙiblatain. A ƙofar gida muka same shi, yana goge gilashin motar da tsumma. Tsohuwar mota ce fara, doguwa, irin mai ɗaukar mutum tara. Kakan Baba da ƙafa ya zo hajji daga ƙasar Kano bai koma ba, shi kuma Baba a nan aka haife shi, kuma da wannan motar da ta gabanta ya yi rayuwarsa yana kai alhazai ziyara. Shekara biyu ke nan da ya daina ɗaukar fasinja, amma kullum sai ya tayar da ita ya je masallaci.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Daktur, ka sha hanya." Haka yake kirana, duk da ya san magani kawai nake bayarwa. Na ce masa me zai hana a lulluɓe ta a bar ta nan ƙofar gida. Ya girgiza kai. Ya ce motar da ta daɗe a titi ƙura ta rufe ta, hukumar gari takan liƙa mata takarda, in ba a motsa ta ba a janye ta. Ga ruwan sama da yake bin lungun nan in an yi shi da ƙarfi, ga kyanwoyi da ke shiga cikin inji neman ɗumi.

Bayan mun yi salla a Masallacin Annabi, na ja motar zuwa wani gareji a unguwar Sultana, Baba na gefena yana gyara mini tuƙi. Cunkoson Sultana ya ƙarasa ni. Wajen awa biyu muka yi a gareji, ina zaune kan tsohuwar taya. Aka juye baƙin mai aka zuba sabo, aka ƙara wa tayoyi iska fiye da yadda aka saba don kada zama ya lotsa su, aka wanke ta ciki da waje. Muka cika tanki, don Baba ya ce tankin da ba a cika ba yana yin gumi ya yi tsatsa. Daga nan muka nufi wurin wani ɗan'uwansa da ya yi masa alkawarin rumfa a bayan shagonsa. Muna zuwa muka tarar an cika rumfar da kwalayen dabino har sama. Mutumin ya yi ta ba da haƙuri, wai kaya ne suka zo ba zato. Baba ya ce, "Ma'alesh," wato ba komai. Muka koma gida da mota wankakkiya babu wurin ajiyewa.

Washegari da safe Baba ya buga wa wani tsohon abokinsa waya, mutumin da iyayensa suka fito daga Chadi, yana da gida mai faɗin tsakar gida a Uhudu. Abokin ya ce mu kawo motar. Na miƙa hannu zan karɓi makulli, Baba ya ƙi sakarwa.

"Yau ni zan ja," in ji shi.

Matata ta ce, "Abuya, likita fa ya hana ka tuƙi." Haka take kiran mahaifin nata, da Larabci kuma ta ƙarasa sauran. Baba ya ce shekarunsa a kan wannan hanyar sun fi shekarunta a duniya. Ta dube ni in yi magana. To me zan ce? Suruki ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Na shiga gefensa na ɗaura bel, ita kuma ta biyo mu a motarmu.

Tafiya muke kamar ana tura mu. Na baya suna ta danna mana ham. Baba ya matso da fuskarsa har ta kusa taɓa sitiyari. Da muka zo wani shataletale, rana ta bugi gilashi, na ji tayar gaba ta hau dakalin gefen titi, motar ta yi tsalle. Wata ƙaramar mota ta kauce mana da ƙyar. Hannuna ya kai kan birkin hannu, amma ban ja ba. Baba ya gangara gefe ya tsaya. Ya daɗe yana riƙe da sitiyarin, ina jin numfashinsa. Sannan ya buɗe ƙofa, ya zagayo ta gefena.

"Daktur, zo ka karɓa."

Ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba. Sauran hanyar shi ya riƙa nuna mini, yana faɗin kwana tun kafin mu iso ta, ko sau ɗaya bai yi kuskure ba. Muka wuce masu rumfunan dabino da tasbaha, motocin alhazai jere a gindin dutsen Uhudu, muka shiga lungu.

Abokin nasa ya buɗe mana ƙofa yana dogara sanda. A ƙarƙashin wata rumfar kwano muka faka ta. Baba ya zauna a kujera yana ba da umarni, ni ina yi. Na cire kan batir, na saki birkin hannu don kada ya kame, na sa bulo a gaba da bayan taya, na cusa tsumma a bakin salansa saboda ɓera. Da muka zo rufe ta da tampol, ya tashi ya kama gefe ɗaya da kansa. Abokinsa ya ce cikin raha, "Ka bar mini makullin in riƙa ɗumama ta." Baba ya ce, "Kai da ko hannun agogo ba ka gani?" Suka yi dariya su biyu, har da tari. Aka kawo mana shayi da na'ana'a. Ina sha na ji Baba ya ce wa abokin a hankali, "In na dawo ido bai buɗe ba, ka nemo wa motar nan mai saye mai hankali." Matata ta tashi ta fita waje.

Da la'asar muka kamo hanyar Jidda. Baba ya yi barci tun kafin mu fita gari. Bayana ya riƙe, baƙin mai ya cika mini farce, ga aiki na jirana da safe. Muna isa gida ƙafata ta ƙi miƙewa, sai da na dafa bango na hau bene.

Na koyi yadda ake kwantar da mota ta yi wata uku ba ta lalace ba, wannan kam zan iya koya wa wani. Na kuma gane cewa da ni ne na ja birkin nan a shataletale, da har yanzu Baba yana ganin ƙwace masa motar muka yi. Shi ya tsaya da kansa, shi ya zagayo. An sa aikin idon nan da mako biyu. Jiya yana karyawa ya tambaye ni ko ana sayar da sabon batir irin na motarsa a Jidda. Na ce ana sayarwa. Ya ce to in riƙa duba masa.