Ranar da Na Zubar da Badon Kaka

Shekarar da aka samu mulkin kai ina aji uku a elemantare, kuma a ganina duk Bauchi babu wanda ya kai ni sanin tsabta. Malam ya ce mana cuta a cikin wari take, ni kuwa na haddace tsaf. Ko koko aka miƙo mini sai na shinshina.

A lokacin ne yayar kakata ta aiko daga Inkil, wai ranar bikin za ta shigo gari. Ba kallon tuta zai kawo ta ba, tuwon bado take marmari. Shi ya raya su wata shekarar yunwa suna 'yan mata, rabonta da shi kuwa har ta manta.

Kaka ta ɗaure zani ta nufi fadama. Kwana uku tana shiga kududdufi da gwiwoyin nan nata masu ciwo, tana ratsa ganyen bado tana lalubo 'ya'yan da suka nutse bayan fure ya kaɗe. Ta dawo da ƙwarya guda, ƙafafu duk cizon matsattsaku. Sauran matan unguwa suka kwashe abin da ya rage.

Ashe ba a daka shi haka nan. Sai an rufe shi a tukunya kwana da kwanaki ɓawon ya ruɓe, sannan a wanke ƙwayoyin, a shanya, a daka. Wa ya gaya mini? Ni dai ina can ina koyon maci.

Ana saura kwana huɗu biki aka yi shela duba-gari zai zaga gida-gida. Na dawo makaranta, hancina ya kai ni bayan rumbu. Na ɗaga murfin tukunyar da ke wurin, kai! Sai da idona ya kawo ruwa. Na ce yau na ceci gidanmu daga kunya. Na kinkimi tukunya na juye a kwata, na dirje ta da toka, na kife a rana. Agwagin maƙwabta suka ƙarasa mini aikin.

Kaka ta dawo daga barkar suna ta tsaya a kan tukunyar.

"Maigida, ina badona?"

Haka take kirana don tsokana. Na gyara tsayuwa na ce, "Ya lalace, Kaka. Cuta ce a ciki."

"Cuta? La'ilaha illallahu! Yau ga bokon da ya fi ƙarfin tuwo. Kai da malamin naka, a cikin turare aka haife ku?"

Ta ɗauki muciya, muka zaga rumbu sau biyu, gwiwa ta hana ta na uku.

Washegari duba-garin ya zo da kakinsa. Ya leƙa randa, ya leƙa makewayi, ya zo wajen kwata ya ja hanci.

"Iya, bado ake yi a gidan nan? Don Allah in an tuƙa a ajiye mini loma biyu."

Kaka ta nuna ni da baki ta ce, "Tambayi likita."

Ranar biki na dawo da 'yar tutata, na tarar da yayar Kaka a kan tabarma, ƙafafu futu-futu da ƙura, don a ƙasa ta tako. Aka ajiye mata shinkafa da nama. Ta buɗe kwano ta rufe.

"Ina tuwon nawa?"

Na maƙale a jikin bango ina jiran a tona ni. Kaka ko kallona ba ta yi ba.

"Bana bai yi ba, Yaya."

"Ayya. To, Allah ya kai mu baɗi."

Da Kaka ta make ni da muciyar nan da ya fi mini sauƙi, wallahi. Tsohuwar ta ci shinkafa loma uku, ta shafa kaina ta ce in yi karatu da kyau. Ba ta kai baɗin ba.